Ƙarar Ƙofar Baya

A garejina na Yelwa, gindin dalbejiya,
ba da magana ake zuwa ba, da kuka ake zuwa.
Babban mutum da hularsa zai murguɗe baki
ya ce, "Saurara, haka take yi: ƙyar-ƙyar-ƙyar,"
ni kuwa ba na dariya.
Shekara talatin da ɗaya da kunne nake cin tuwo,
ido ɗan rakiya ne.

In ta yi tsuwa da asuba kamar ɓera a rumbu,
fanbel ne ya saki, je ka sha kununka.
In ta yi ƙas-ƙas a kwana, sitiyari a karye,
kan shaf ne ya sha ƙasa.
In gurnani na ƙaruwa yadda gudu ke ƙaruwa,
tuhumi boris tun bai kunyata ka a hanyar Figil ba.
Amma bugun nan mai nauyi daga can cikin inji,
kamar ana daka a gidan maƙwabta,
shi ne ke sa in cire hula in tambayi mai ita
yaushe rabonsa da juyen baƙin mai.

Ran Talata sai ga Jaratu, ungozomar Pitowa,
da 'yar motarta shuɗiya mai ido ɗaya.
Ta ce, "Bappa Wakili, wani abu na bina.
Ba kullum ba. Sai na taka birki, ko na faɗa rami,
ya ce ƙwal, ya yi shiru,
in manta da shi, ya sake cewa ƙwal."

Na ɗora tsinin sukundireba a kan inji,
ƙotar a kunnena. Lafiya lau, kamar agogo.
Hamajoda ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa,
ya girgiza salansa, ya ja shokazoba,
ya fito da baƙin goshi ya ce babu.
Na zaga da ita har gadar Binuwai,
mota ta yi gum,
kamar yaron da zazzaɓinsa ya gudu da ganin allura.
Muka canja bushi biyu a banza, sefa dubu shida.
Na ji kunyar karɓa, na karɓi rabi.

Alhamis ta dawo. Na ce ke za ki tuƙa,
ni zan kwanta a kujerar baya kamar buhun masara.
Mun wuce motocin auduga, mun wuce masu kifi,
wata akuya ta gitta, ta taka birki.
Ƙwal.
Ba gaba ba, ba ƙasa ba,
nan dab da kunnena, cikin ƙofar hagu.

Sukuru huɗu, na ɓare marfin ƙofar.
Ƙwallon aduwa ne, an tsotse shi tas,
ya yi santsi don kai da kawowa a cikin duhu.
Na ɗaga shi sama: "Ga aljanin naki!"

Ba ta yi dariya ba.
Ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu,
hannun da ya tarbi rabin yaran Pitowa.
Ta ce, "Nan Sali yake zama.
Kullum ina hana shi cusa abu
ta inda robar gilashi ta cinye."
Ban tambayi ina Sali yake ba.
Mai sana'ar kunne ya san shirun da ba a kwancewa.

Ta miƙo mini. Ta ce, "Mayar."
Hamajoda ya buɗe baki, na harare shi.
Na mayar, na ɗaure sukuru huɗu,
ban karɓi ko dala ba.

Yanzu in ta wuce ta gaban gareji da la'asar,
inji sumul, fanbel shiru, salansa a ɗaure,
nakan ajiye sifana in kasa kunne,
ko za ta taka birki a kwanar mai shayi.